Talla, Bara da Dako: Me Ya Sa Titi Ya Daɗe Yana Gagarar Dokar Aikin Yara?

Sashe na 30 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2003, bai bar wata kafa ba. Laifi ne a sa yaro bara, laifi ne a mai da shi ɗan jagoran mabaraci, laifi ne kuma a ɗora masa talla a manyan titunan birni ko a kan babbar hanya. Yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Amma duk wanda ya tsaya a danja a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san kafin a ba shi hannu sai yara uku ko huɗu sun leƙo tagar motarsa: mai fiyawata, mai goro, mai goge gilashi, sai mai roba a hannu.

Yawancin masu sharhi a nan suke tsayawa, su ce gwamnati ta yi doka ta kwanta barci, iyaye kuma sun yi sakaci. Da gaskiyarsu. Sai dai in aka waiwayi tarihin manyan birane, za a ga titi ne wuri na ƙarshe da dokar hana aikin yara take isa, ko a ina ne. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yaron masana'anta yana da ubangida mai suna da adireshi, wanda za a iya makawa a kotu. Yaron titi kuwa, in ka bi sawunsa don ka kama wanda ya sa shi aiki, sai ka tarar da uwarsa, ko malaminsa, ko shi kansa.

Landan ce ta fara barin cikakken rubutu a kan wannan al'amari. Daga 1801 zuwa 1851 mutanen birnin sun tashi daga kimanin miliyan ɗaya zuwa sama da miliyan biyu, galibinsu talakawan da ƙauye ya koro. A wannan zamani ne majalisar dokokin Ingila ta soma taɓa aikin yara. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba a masaƙu, ta kuma naɗa sufetoci huɗu su riƙa zagayawa. Dokar 1842 ta hana saukar da mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara goma cikin ramukan kwal. Sufeto huɗu ga ƙasa guda abin dariya ne, amma dai masaƙa tana da ƙofa, tana da rajistar ma'aikata, mai ita kuma yana tsoron tara.

Ko inda ake da ubangida ma abin bai zo da sauƙi ba. Masu share bututun hayaƙin gidaje sukan ɗauki ƙananan yara, galibi marayu, su tura su cikin bututu su kankare kunkunniya, don babba ba zai shige ba. An yi doka a kansu a 1788, an sake a 1834, an ƙara a 1840 da 1864, duk a banza. Sai a 1875, bayan wani yaro mai suna George Brewster ya maƙale a bututun wani asibiti kusa da Cambridge ya mutu, aka ɗaure maigidansa wata shida, sannan wani ɗan majalisa, Lord Shaftesbury, ya tura dokar da ta wajabta wa masu sana'ar karɓar lasisi daga 'yan sanda. Shekara 87 aka yi ana wannan ja-in-ja, a kan sana'ar da kowa ya san masu yin ta.

To, ina ga yaran da ba su da maigida? Wani ɗan jarida, Henry Mayhew, ya bi titunan Landan wajen 1850 yana tattaunawa da talakawa yana rubuta abin da suka faɗa da bakinsu. Ya tarar da yara masu tallan ashana da furanni da lemu. Ya tarar da masu tsayawa a mararraba da tsintsiya, suna share kashin dawaki don matan masu hali su tsallaka ba tare da sun ɓata riga ba, a jefa musu kwabo. Ya tarar da masu shiga lakar Kogin Thames in ruwa ya janye, suna tsintar kwal da ƙusoshi da igiya su sayar, wato dai 'yan jari-bolan wancan zamani. Wadda aka fi tunawa a cikinsu wata yarinya ce 'yar shekara takwas mai tallan wani ganye ɗan'uwan lansir. Tun kafin asuba take zuwa kasuwar Farringdon ta sari ganyen, ta wanke shi da ruwan sanyi cikin hunturu, ta shiga gari. Da Mayhew ya yi mata zancen lambun shaƙatawa, ba ta san mene ne ba. Ta kuma gaya masa ita fa ba yarinya ba ce. Uwarta ce ta ɗora mata tallar, kuma kuɗin gida yake shiga. Dokar 1833 ba ta san da zamanta ba.

Har masu son taimakon yaran ma ba su yi tunanin raba su da titi ba a lokacin. A 1851, da ake babban baje-kolin duniya a Landan, masu gudanar da makarantun 'ya'yan talakawa sai suka shirya yara ƙungiya-ƙungiya, suka ɗinka musu yunifom, suka ba su akwatin shushaina. A ganinsu gara yaro ya goge takalmi da ya yanki aljihu.

Abin da ya rage yara a titunan Landan daga baya ya biyo ta wata hanya ce daban. Dokar ilmi ta 1870 ta sa aka gina makarantu. A 1880 aka wajabta zuwa. A 1891 aka soke kuɗin makaranta ga yawancin yara, don an gane tilas ba ta aiki in uwa ce za ta biya. Aka ɗauki jami'ai suna bi gida-gida suna neman masu fashi. Aka yi ta ɗaga shekarun barin makaranta, har suka kai 14 a 1918. A 1906 aka ba ƙananan hukumomi izinin ciyar da ɗalibai. A 1903, shekara 70 cif bayan dokar masaƙu, aka yi dokar aikin yara da ta fito ƙarara ta hana yaro ɗan ƙasa da shekara 11 talla a titi. Kafin nan makaranta ta riga ta cinye wa yaro safiyarsa da ranarsa, albashin iyaye maza kuma ya ɗan ɗaga.

A Amurka labarin ya fi armashi, domin can yaran da kansu suka taɓa ɗaga murya. A New York ta ƙarshen ƙarni na 19, yara ne suke sayar da jaridun yamma. Kamfani ba ya ɗaukarsu aiki. Sari suke yi: su sayi jarida ɗari a kan senti 50, su sayar kowace ɗaya senti guda. In ta ƙare, sun ci riba. In ta yi kwantai, asararsu, don kamfani ba ya karɓar ragowa, jaridar jiya kuwa ba mai saye. Shi ya sa za ka ga yaro ɗan shekara takwas yana yawo tsakanin mashaya da tashar jirgi har tsakar dare, yana roƙon a saye masa ta ƙarshe.

Lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya a 1898 jarida ta yi kasuwa, sai kamfanoni suka ɗaga sarin zuwa senti 60. Da yaƙi ya ƙare sauran suka sauko, amma manyan attajirai biyu, Joseph Pulitzer mai jaridar World da William Randolph Hearst mai Journal, suka ƙi. A Yulin 1899 yaran suka shiga yajin aiki. Mako biyu suka yi suna zanga-zanga, suna yaga jaridun duk wanda ya karya yajin, har ciniki ya faɗi warwas. A ƙarshe ba a rage farashi ba, amma kamfanonin sun yarda su riƙa karɓar duk jaridar da ba a sayar ba su mayar da kuɗi. Wasu na ganin yaran ba su ci nasara ba. Ni a ganina sun kama bakin zaren fiye da manyan da ke musu wa'azi. A kowace irin talla, tambayar da ke yanke wa yaro lokacin komawa gida ita ce wa zai ɗauki asarar kwantai. A riƙe wannan, za mu sake cin karo da ita a Kano.

Masu fafutuka a Amurka sun kafa kwamitin yaƙi da aikin yara na ƙasa a 1904, suka ɗauki Lewis Hine a 1908 ya riƙa ɗaukar hotunan yara a masaƙu da ma'adinai da tituna. Hotunan sun girgiza jama'a. Duk da haka dokar tarayya ta farko, ta 1916, Kotun Ƙoli ta soke ta bayan shekara biyu. Sai a 1938 aka samu wadda ta zauna. Ita ma kamfanonin jarida sun zille mata, suna cewa yaran nan ai ba ma'aikatansu ba ne, ƙananan 'yan kasuwa ne masu cin gashin kansu. Har gobe dokar ba ta shafi masu kai jarida gida-gida ba. Wani mataki da ba a cika ambata ba shi ne wanda Jihar Illinois ta fara a 1911, jihohi da dama suka bi: biyan zawarawa da matan da mazajensu suka mutu wani alawus, don kada su tura 'ya'yansu titi. Can ma dai sai da aka koma kan uwa.

Akwai kuma wata shari'a ta 1944 da ta dace da muhawararmu. A Jihar Massachusetts an gurfanar da wata mata 'yar ɗarikar Shaidun Jehobah saboda ta fita da yarinyar da take riƙo, 'yar shekara tara, suna sayar da mujallun addini a titi da dare. Ta ce ibada ce, ba talla ba. Kotun Ƙoli ta ce iyaye suna da 'yancin sadaukar da kansu ga addininsu, amma wannan bai ba su 'yancin sadaukar da 'ya'yansu ba.

A Najeriya, Legas ce ta fara gwada hana talla da doka. Tun shekarun 1920 matan Legas masu ilmin boko, a ƙarƙashin ƙungiyar da Charlotte Obasa ta jagoranta, suke kai wa gwamnatin mulkin mallaka kuka a kan 'yan mata masu talla, suna cewa ana lalata da su. Turawa ba su motsa ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da birnin ya cika da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da yara masu yankan aljihu da ake kira jaguda. Aka kawo jami'in jin daɗin jama'a, Donald Faulkner, aka yi Dokar Yara da Matasa a 1943, aka kafa kotun yara, aka bi da ƙa'idojin da suka taƙaita talla, musamman ga mata. 'Yan sanda suka shiga kamen 'yan talla. Matan kasuwa ba su ji daɗi ba, domin a wurin Bayarabiya talla makaranta ce, nan 'yarta take koyon lissafi da ciniki kafin ta gaji rumfa. Kamen bai hana komai ba. Arewa ta samu irin wannan doka a 1958.

Amma tallar ƙasar Hausa tushenta daban, kuma wanda bai fahimci tushen ba zai yi ta saran reshe. Bayarabiya da kanta take zama a kasuwa, 'yarta mataimakiya ce. Bahaushiya matar aure kuwa tana cikin gida, 'yarta ce ƙafarta.

Kulle a da ya fi yawa a gidajen sarauta da na malamai da attajirai. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya yi bayanin cewa bayan bauta ta gushe (Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga 1901 ɗa ne, suka soke ta gaba ɗaya a 1936), matan da a da suke noma da itace da ɗiban ruwa sai suka janye daga gona, don zaman gida shi ne alamar 'ya mace. Kulle ya bazu har cikin ƙauyuka. Sai dai zama a gida bai taɓa nufin zaman banza ba. Musulunci ya ba mace ikon dukiyarta, miji ba shi da hurumi a ciki, kuma Bahaushiya ba ta wasa da wannan. Tana soya ƙosai, tana dama fura, tana matse man gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, tana yin ɗanwake da alala da waina, tana sayar da gishiri da daddawa da hatsi. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura cewa ana gudanar da babban ciniki a garin ba tare da an gan shi a fili ba. Kowane gida rumfa ne, kuma yara ne suke haɗa wannan gida da wancan: su kai kaya, su karɓo kuɗi, su kawo labarin farashi.

Enid Schildkrout ta zo Kano a tsakiyar shekarun 1970 ta duba abin a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta ga cewa sana'ar da mace take iya yi ta danganta da yaran da ke hannunta. Mai yara tana dafa abincin sayarwa, wanda ya fi kawo kuɗi. Wadda ba ta da su sai ta koma ɗinkin hula ko kitso ko daka, inda samu bai taka kara ya karya ba. Nan ma ake gane wani ɓangare na al'adar riƙo. Ba don talla kaɗai ake karɓar 'yar ƙanwa ko jika ba, akwai zumunci da ƙauna, amma mai sana'a ta san amfanin yarinya a gida. Yaro kafin ya balaga shi ne kaɗai mai lasisin shiga ko'ina: ya ratsa zaure ya shiga cikin gida wurin mata, ya fito ya zauna a majalisar maza. Babba ba ya iya wannan, namiji ne ko mace.

Sai batun kayan ɗaki, wanda shi ne ƙashin bayan tallar 'ya mace. Uba yana da nasa nauyin, amma jeren kwanuka da samiru da kumbuna da tasoshi, da abin da za a fita kunyar dangin miji ranar jere, a wuyan uwa yake. Ribar talla takan shiga adashi, adashi ya zama kwano, kwano ya taru a ƙarƙashin gado shekara da shekaru. Don haka idan ka ce wa uwa tana bautar da 'yarta, kallon mamaki za ta yi maka: wa ake tara wa? Yarinyar ma ta san da rabonta a ciki. Ga shi kuma a wancan zamani talla ce hanyar da budurwa take yin kwalliya ta fita a gan ta, har wani ya ce yana so. Kayan ɗakin nan kuwa ba ado kaɗai ba ne, su ne ajiyar mace. In aure ya mutu ko ciwo ya zo, su take sayarwa.

Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, an yi ta cewa iyaye a Arewa sun ƙi sakin 'ya'yansu mata saboda tsoron boko. Akwai wannan. Amma Schildkrout ta nuna ɗaya gefen da ba a kula da shi ba: makaranta tana ɗauke yarinya daidai lokacin da ake sayen ƙosai da koko. Ba wanda ya tambayi matan cikin gida da me za su maye wannan giɓi.

Kada a ɗauka ina wanke talla ne. Tallar da Hill da Schildkrout suka gani ba ita ce ta yau ba. Waccan a cikin unguwa ake yin ta, daga zaure zuwa zaure, tsakanin mutanen da suka san 'yar gidan wane ce, wanda in ya taɓa ta ya san kafin magariba magana ta kai gaban mai unguwa. Kano da ƙidayar 1952 ta ba mutum kimanin 130,000 yanzu ta miliyoyi ce. Mai saye ya koma tasha da gareji da wurin gini da bakin titi, cikin baƙin da ba su san kowa ba, ba kuma wanda ya san su. Tallar ta bi shi can.

Kuɗin ma ya sauya wurin zuwa. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, albashi ya daina kai wata. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A Kaduna masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Magidanta da yawa suka koma ba su da abin ba da cefane. Ribar da a da take tafiya adashin kwano sai ta koma awon masarar dare. Cire tallafin mai a 2023 ya ƙara dagula lissafin. Yarinyar da take talla don kayan ɗakinta tana iya dawowa da saura a yi mata faɗa a wuce wurin. Wadda take talla don a ɗora tukunya ba ta da wannan sararin.

Ga mu mun dawo kan kwantai. Awara ko shinkafa da wake ba sa kwana. In ba su ƙare ba, ba riba kaɗai ta tafi ba, har uwar kuɗi, kuma sau da yawa waken ma bashi aka karɓo a wurin mai shago. Uwa ba ta da kamfanin da za ta mayar wa ragowa. Saboda haka nauyin yakan sauka a kan mafi ƙanƙanta a cikin jerin, yarinyar da aka ce kada ta dawo sai ta sayar. Ita ce za ka gani bayan isha'i tana zagaya teburin mai shayi. Duk wani mugu a unguwa ya san wannan, shi ya sa "zo in juye duka" ta zama tarkon da kowace uwa ta sani, take kuma addu'ar kada ya faɗa kan tata. Yawancin abin da ake faɗa game da illar talla, fyaɗe ne ko cikin shege ko haɗarin mota, a waɗannan sa'o'i na ƙarshe yake faruwa, lokacin da ya kamata a ce ta daɗe da komawa gida.

Ɓangaren maza kuwa ba a iya maganarsa ba tare da almajirci ba. Asalin tsarin na karkara ne. Malam yana da gona, almajirai suna taya shi noma da damina, da rani a tashi ci-rani zuwa wani gari, manya su yi ɗinkin hula ko dako ko yankan farce, ƙolawa su bi gidaje da ƙoƙo a zuba musu abin da aka ci. Garin da ke da gida ɗari yana iya ciyar da almajiri ashirin ba tare da ya ji a jikinsa ba. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, hukuma ta karkata ga boko, takardar boko ta zama ita ce hanyar samun aiki, tsangaya ta koma rayuwa a kan sadaka kaɗai. Farin 1973 da na 1984 suka tura ƙauyawa birni da yawan da birnin bai shirya masa ba, ci-rani ya zama zaman dindindin.

Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne almajirin birni ma'aikaci ne kafin ya zama mabaraci. Shi ne mai wanke-wanke da shara da ɗebo ruwa da zubar da shara a dubban gidaje. Shi ne ɗan aiken matar kulle da 'ya'yanta suka tafi makarantar kuɗi. Shi ne mai dako a kasuwannin Kwari da Singa da 'Yankaba, mai tura baro, mai bin bola yana tsintar roba da gwangwani. Ladansa ɗan canji ne da ragowar tuwo, a ciki kuma zai cire kuɗin sati ya kai wa malam. Gidaje da yawa da ake zama a falo ana tsine wa iyayen almajirai, almajiri ne ya wanke kwanon da aka ci abinci a ciki. Ya maye gurbin ɗan gida a aikin da ɗan gida yake yi a da, kuma da arhar da ba za a samu a wurin babba ba.

Gwamnatoci sun yi ta gwada hannunsu. Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Gagi, Sakkwato, a 2012, aka gina sama da 150, da yawansu suka lalace bayan an miƙa wa jihohi. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Ba a jima ba suka dawo. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A Nijar kuwa abin ya tsallaka iyaka. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu daga yankin Kance suke a jihar Damagaram, inda tafiya da yara bara a biranen Aljeriya ta zama hanyar cike giɓin da gona ta bari.

Yana da kyau a san girman abin a ma'auni. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta yara miliyan 246 ne suke aikin da bai dace da shekarunsu ba a 2000, adadin ya sauko zuwa miliyan 160 a 2020, sannan kimanin miliyan 138 a 2024. Kusan miliyan 87 daga ciki suna Afirka kudu da Sahara. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya na 2022 ya ba da yara miliyan 24.6, wato kashi 39 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 17. Mafi yawan yaran duniya masu aiki a gona suke, ba a titi ba. Na titi sun fi jan hankali ne don suna tsayawa a gaban motocin masu yanke hukunci, shi ya sa maganinsu na farko kullum yakan zama kame da kora. Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin ƙwadago biyu na duniya a kan aikin yara tun 2002, Kano kuma ta yi tata dokar kare yara a 2023. Takarda ba ta yi ƙaranci ba.

Inda aka ga canji na gaske a zamaninmu, an bi ta aljihun uwa ne. Birazil, wadda a 1993 aka bindige yara da matasa takwas masu kwana a titi a gaban cocin Candelária a Rio, ta soma biyan iyaye mata kuɗi duk wata daga tsakiyar shekarun 1990, da sharaɗin yaro ya riƙa halartar aji, aka haɗe shirye-shiryen a 2003 a ƙarƙashin shiri guda mai suna Bolsa Família. Meziko ta fara irinsa a 1997. Kano ma ta taɓa kama wannan hanya. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta fito da shirin Fansar 'Yar Talla, inda ake tallafa wa uwa don ta sauke wa 'yarta faranti ta sa ta makaranta. Tunanin daidai yake, domin ya amsa cewa yarinyar tana kawo wani abu da sai an biya kafin a ɗauke ta. Sai dai bai yi faɗin da zai ratsa jihar ba, kuma irin waɗannan shirye-shirye a wurinmu sukan tafi tare da gwamnatin da ta kawo su. Ko da an ba da jari ma, tambaya tana nan: in ta soya awarar, wa zai kai ta bakin titi?

Wani ɓangare na amsar ya soma fitowa daga inda ba a zata ba. Matan aure da yawa a Kano da Kaduna da Katsina yanzu a waya suke kasuwanci. Su ɗora hoton atamfa ko turaren wuta ko cincin a WhatsApp, a turo kuɗi ta asusu, mai babur ko ɗan sahu ya kai kaya. Waɗannan ba sa bukatar 'yar talla, 'ya'yansu suna aji. Amma wannan kasuwa ta mai babbar waya ce da kuɗin data, mai kayan da ribarsu za ta biya ɗan aike. Mai awarar da jarinta bai wuce kwanon waken suya ɗaya ba, wadda masu sayenta 'yan gareji ne da leburori masu naira ɗari a hannu, kuɗin babur kaɗai ya fi ribarta ta yini.